Jinjina ga Matuƙan Katamaran na Morishas

A gabashin Morishas, jiragen katamaran masu gangar jiki biyu kan tashi da hantsi daga Trou d'Eau Douce zuwa tsibirin Île aux Cerfs. Baƙi shuɗin ruwa suke yabawa, ni kuwa matuƙan nake sara wa. Su suka san inda murjani ke iya huda jirgi. Su ke lallashin wanda bai iya iyo ba, su sa masa rigar hana nutsewa da tabarau da bututun numfashi, har ya kifa fuska ya ga kifaye kala-kala, idonsu na kansa. Ga gashin kifi, ga ƙirga mutane kafin a juyo da la'asar. In kun je, ku yi musu ihsani.