Shiru da Fassara: Tsokaci a kan Fim Mai Tafiyar Hawainiya

Gabatarwa

An sha faɗin cewa mai kallo na karkara ba shi da haƙurin zama a gaban fim mai tafiya sannu a hankali, wanda maganarsa kaɗan ce, tunaninsa da yawa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa laifin ba na mai kallo ba ne, na fassara ne. Za a auna wannan ra'ayi da mai kallo na ƙasar Kebbe da Tambuwal, a kuma kafa hujja da fina-finai biyu, ɗaya na Hausa, ɗaya na ƙasar Biyetnam.

Haƙurin mai sauraro

Mutumin Kebbe da ya taso yana halartar karatun zaure ya san fassara tun kafin ya san majigi. Almajiri ya ja baƙi, ya tsaya. Malam ya fassara, shi ma ya tsaya. Sa'an nan a ci gaba. Haka tafsirin watan azumi yake gudana tsakanin mai jan baƙi da mai fassara. Wannan tsayawa ba ɓata lokaci ba ce, a cikinta ne ma'ana take zama a zuciya. Wanda ya saba da wannan tsari ba baƙo ba ne ga jinkiri.

To amma fassarar da ta fi yawa a gidajen kallo da wayoyin hannu ita ce ta ɗora murya a kan fina-finan Indiya da makamantansu. Tana da armashi, ta kuma kai fim ga wanda bai iya karatun boko ba. Illarta ita ce mai fassara yakan ji tsoron shiru, duk inda 'yan wasa suka yi tsit sai ya cike gurbin da barkwanci. Fim na faɗa da raye-raye yana jure wa haka. Fim na tunani kuwa, idan aka toshe shirunsa an kashe shi.

Misali daga gida

Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya haura sa'a biyu. Malami ne zaune yana ba almajiransa labarin rayuwarsa, yadda aka sace shi yana yaro, da yadda mahaifiyarsa ta bi sahunsa har ta faɗa cikin bauta. Da aka gyara fim ɗin aka nuna shi a Balin a 2018, baƙi sun bi shi ne ta rubutacciyar fassara a ƙasan allo. Irin wannan fassara ba ta taɓa muryar ɗan wasa, ba ta kuma shiga inda ya yi shiru. Sai dai wurinta ƙunci ne: bisa al'ada layi biyu, na kimanin daƙiƙa 6. Saboda haka doguwar gaisuwa da addu'a su ne abin da mai fassara yakan fara yankewa, alhali a labari irin wannan, da ya ginu a kan haƙuri da ƙaddara, su ne jigon.

Misali daga Biyetnam

A 2023 fim ɗin Phạm Thiên Ân mai suna Bên trong vỏ kén vàng ya ci lambar fim na farko mafi kyau a bikin Cannes na Faransa. Tsawonsa kusan sa'a uku ne. Wani saurayi ne, Thiện, matar wansa ta rasu a haɗarin babur a birnin Saigon, ya ɗauki gawarta da ƙaramin ɗanta zuwa ƙauye, daga nan ya shiga neman wan nasa da ya ɓace, yana kuma neman imaninsa.

Abin lura a nan shi ne harshen Biyetnam yakan yi amfani da sunayen zumunta a maimakon wakilin suna. Ƙanen uba shi ne chú, ɗan'uwan uwa kuma cậu, kamar dai baffa da kawu. Ingilishi ya haɗe su a kalma ɗaya. Idan mai fassarar Hausa ya dogara da Ingilishi kawai, yana iya mayar da Thiện kawun yaron. A wurin Bahaushe wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, domin baffa uba ne, riƙon maraya a wuyansa yake. Da kalmar baffa kaɗai mai kallo na Kebbe zai gane nauyin da saurayin yake ɗauke da shi a duk tsawon shirunsa, ba sai an yi masa bayani ba.

Kammalawa

Fim mai ƙarancin magana kowace kalmarsa tana da nauyi, don haka fassararsa ta fi kusa da fassarar waƙa. Ya kamata sassan koyar da Hausa, musamman na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, su sa fassarar ƙasan allo cikin darussan fassara, a koya wa ɗalibi taƙaitawa, da kiyaye sunayen zumunta, da sanin wurin da ya kamata ya ɗaga alƙalaminsa.