Tuta, Likkafani da Adakar Tsohon Soja

A Amurka, idan tsohon soja ya rasu, gwamnati ce ke ba da tutar da za a lulluɓe akwatin gawarsa. A bakin kabari sai a ɗage ta, a ninke ta sau 13 har ta koma mai kusurwa uku, a miƙa wa matarsa ko ɗansa. Iyalin sukan sa ta a ɗan akwatin katako mai fuskar gilashi, tare da lambobin yabonsa, su ajiye a falo inda kowane baƙo zai gani ya tambaya.

Mu ma a Najeriya mun san tuta a kan gawa. Duk wanda ya kalli jana'izar Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, da aka kashe a Malam Fatori a Nuwamban 2016, ko ta Laftanar Janar Ibrahim Attahiru a Mayun 2021, a maƙabartar sojoji ta Abuja, ya ga kore-fari-kore shimfiɗe a kan akwatuna. Sai dai wannan gatan galibi na wanda ya rasu a bakin aiki ne. Tsohon sojan da ya dawo gida Dutse ko Kiyawa ko Birnin Kudu, in ya cika da hantsi, kafin la'asar an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an ɗauki makara. Ban ga aibu a nan ba. Farin ƙyalle ɗaya ne ga kofur da kanar da manomi, kuma addu'ar maƙwabta ta fi masa amfani a kan kowane fareti.

Abin da ke damuna shi ne abin da ya bari. Na taɓa ganin wata tsohuwa a wani ƙauye kusa da Dutse ta buɗe adakar mahaifinta, ɗaya daga cikin 'yan Bama. A ƙarƙashin tsofaffin zannuwa akwai lambobi biyu da suka yi baƙi, ƙyallensu ya koɗe, da takardar sallama wadda gara ta cinye gefenta. Ta ce, "Baba bai cika zancen ba, sai dai in damina ta faɗi ya ce ruwan can ya fi wannan." Iyakar abin da ya rage ke nan na mutumin da ya tsallaka teku. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ne suka yaƙi Japanawa a dazukan Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma Hausa ce harshen bariki a tsakanin sojojin Najeriya, amma jikokinsu ba su san ko a wace bataliya suka yi ba.

Kowace 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya. A ajiye furanni, a saki fararen tantabaru, a sayar da tambari don tallafa wa matan da aka bari. Da kyau. Amma furanni na sojan da ba a san sunansa ba ne, alhali namu sunayensu na nan cikin adaka.

Ni da za a ji tawa, ɗaki ɗaya ya isa, ko a Garu kusa da tsohuwar fadar Sarkin Dutse. Iyalai su kawo takardun a ɗauki hotonsu, a rubuta suna da gari da fagen dagar da mutum ya je, a mayar musu da kayansu. Tsohuwar nan, da ta gama nuna mini, sai ta naɗe lambobin a ɗankwali, ta mayar ƙasan zannuwa, ta rufe.