4.3 Tarke a Kan Hanyar Koyon Wasannin Bajinta a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

A wannan sashe za a auna yadda ake koyon wasannin bajinta, wato wasan gardawa da tauri da alkahura irin ta 'yan koroso, sannan a kwatanta da yadda abin yake a wasu ƙasashe.

Hanyar da aka gada ita ce ta ubangida da yaronsa. Yaro kan fara da ɗaukar kaya da riƙe ganga, yana kallo, har ubangidansa ya yarda ya shiga fage. Amfanin wannan hanya a fili yake: ba a biyan kuɗin makaranta, kuma yaro na koyon kirari da kiɗa da sarrafa 'yan kallo a lokaci guda. Sai dai tana da rauni iri uku. Na farko, an lulluɓe ilimin da sirri da batun asiri, don haka idan gwani ya rasu sai ya tafi da abinsa. Na biyu, babu tsarin kare jiki, wanda ya karye kuwa sai dai a kai shi wurin maɗori. Na uku, sana'ar ta dogara ga fili, alhali gine-gine da cunkoson motoci sun cinye yawancin filayen waɗannan unguwanni.

A ƙasashen waje an mayar da irin wannan wasa fannin karatu. An buɗe makarantarsa a Mosko a 1927, da Montiriyal ta Kanada a 1981, da kuma Faransa a 1985. A Afirka ma an kafa Circus Ethiopia a 1991, da Circus Baobab a Gini a 1998, wadda ta ɗora wasanta a kan kiɗa da rawar gargajiya.

Wannan nazari na ganin misalin Gini ya fi dacewa da Kano. Kwafo manhajar Turai kai tsaye zai raba wasan da kirari da ganga, waɗanda su ne ruhinsa. Abin da ya kamata shi ne sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Bayero ya haɗa kai da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, a ɗauki gwanayen a matsayin malamai masu albashi. Idan ba haka ba, ɗalibi zai ci gaba da rubuta kundi a kan wasan da babu mai yin sa.