Hausar Bakin Murhu: Gidan Mishan da Koyon Harshe a Ƙasar Kabi

Baturen mishan da ya gama watanninsa a makarantar koyon Hausa ta Minna, ko ta Kano daga baya, aka ce masa tasharsa tana can yamma da Sakkwato, kunnensa ne ya fara shan wuya kafin jikinsa. Littafi ya koya masa "suka tafi", mutumin Zauro ya ce "sunka tahi". Ya haddace "yana zuwa", aka ce masa "shina zuwa". Ya ƙirga "biyar", mai sayar da kifi a Argungu ya ce "biyat". Inda ya saba jin "ne" da "ce" sai ya ji "na" da "ta", "me" ta koma "mi", "wannan" ta koma "wanga". Ba jarrabawar da ta shirya shi domin wannan. Wanda zai shirya shi yana cikin gidansa, yana hura wuta ko yana goye da ɗansa. Abin da nake so in kafa a wannan nazari ke nan: Hausar 'yan mishan a cikin gida aka koye ta, kuma fasalin gidan, wato inda aka gina shi, da wanda ke shiga, da wanda ke ba da umarni, da wanda aka tura makarantar kwana, shi ya yanke wa Hausar tasu iyaka, ya ba ta ƙarfinta da rauninta.

Al'adar ta girmi zuwan Turawa ƙasar Hausa. James Frederick Schön, Bajamushen da ya yi wa ƙungiyar CMS aiki, ya bi ayarin kogin Kwara na 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya fitar da ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, sannan Magana Hausa a 1885, alhali bai taɓa taka Kano ko Katsina ba. Mafi yawan abin da ya samu daga bakin Dorugu ya fito, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bawa yana ƙarami, aka 'yanta shi, Heinrich Barth ya kai shi Ingila a 1855 tare da Abbega. Dorugu ya zauna a gidan Schön, yana magana ana rubutawa: tatsuniyoyi, labarin rayuwarsa, abin da ya gani a Landan. Ke nan tubalin farko na Hausar boko yaro ne ɗan cikin gida ya dasa shi, kuma Hausar da aka rubuta ita ce wadda yaron ya tsira da ita bayan ya rabu da iyayensa ya yi zama cikin Barebari da Larabawa. Bayan shekara arba'in da wani abu Walter Miller ya bi irin wannan hanya. Kafin tafiyar 1900 da Bishop Tugwell ya jagoranta, wadda Sarkin Kano Aliyu Babba ya sallama ba tare da ɓata lokaci ba, Miller ya zauna a Tarabulus yana koyon Hausa a wurin fatake da maniyyata, kuma a can ya haɗu da Abdul Majid Tafida, yaro Bakatsine da ke kan hanyar hajji, wanda daga baya ya zama ɗan gidansa.

Inda aka gina gidan ba zaɓin mai gidan ba ne. Bayan cin Sakkwato a 1903 Lugard ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin mutane ba, kuma razdanonin da suka biyo baya sun fassara alkawarin da hana 'yan mishan zama a masarautun Musulmi. Miller ya samu shiga birnin Zariya a 1905, amma a 1929 aka kwashe tashar zuwa Wusasa, bayan ganuwa. Ƙungiyar SIM, wadda ta faro a 1893 da Gowans da Kent da Bingham, sai a shekarun 1930 ta samu ƙofa, ita ma ta hanyar jinyar kutare: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato, da tasha a Kalgo kusa da Birnin Kebbi. A kudancin jihar Kebbi ta yau kuwa, ƙungiyar UMS ce ta zauna a Zuru da Yelwa, inda takunkumin bai yi tsanani ba. Duk wanda ya dubi jerin nan zai ga abu ɗaya, gidan mishan a gefen gari yake. Wanda ke gefen gari kuwa ba ya jin hirar zauren malam bayan isha, ba ya jin yadda bafade ke lanƙwasa magana a fadar Gwandu ko ta Argungu. Masu shigo masa su ne majinyata, da marayu, da 'yantattun bayi, da 'yan ci-rani, da masu neman aikin kuku da boyi da lambu. Da yawansu ma Hausa aro suka yi, domin Lelna ne daga ƙasar Zuru, ko mutanen Filato da kudancin Zariya da aka ɗauko a matsayin masu bishara da malaman asibiti. Daga nan ne, a ganina, wani kaso na abin da ake kira Hausar coci ya samo launinsa, Hausa mai sauƙin gini wadda ba ta cika damuwa da bambanta "ya" da "ta" ba.

A dubi yinin irin wannan gida a fadamar Rima, inda ruwa ke malala da damina, shinkafa ta yi kyau, sauro ma ya yi kyau. Da asuba uwargida ta tashi da abubuwan da ba su jira a iya harshe: a tafasa ruwan sha a tace, a duba kananzir na fitila, a ba yara kwinin, a ƙirga wa kuku kuɗin cefane. Kalmominta na farko daga nan suke fitowa, kawo, ɗauke, wanke, rufe, maza, bari. Duka umarni ne. Ana iya shekara ana ba da umarni da Hausa ba a taɓa yin roƙo da ita ba, balle ba'a ko ta'aziyya, kuma kuku ba zai gyara wa wadda ke biyansa albashi ba. In ta ja wasali inda bai kamata ba, ta ce "gashi" tana nufin "gashi" ɗaya alhali ɗayan ya fito, ko ta kasa raba "ƙafa" da "kafa", zai ce "to, uwargida" ya yi abin da ya gane. Ladabin nan shi ne babban abin da ya cuci masu koyo. Kuskuren da ba a yi wa dariya ba yakan zauna har tsufa, shi ya sa aka sami waɗanda suka yi shekara talatin a ƙasar nan suna wa'azi da kalmomi daidai da karin sauti a karkace.

Sai dai gidan da ya taƙaita uwargida ta wani gefe ya buɗe mata ƙofar da mijinta bai isa ya taka ba. Shi iyakarsa zaure, domin cikin gida "ba shiga" ne. Ita kuwa, musamman in ungozoma ce ko nas, tana shiga har ƙuryar ɗaki, ta ji Hausar naƙuda da jego da kunun kanwa, ta yaye da goyon ciki, ta habaicin kishiyoyi, ta tsohuwar da ke lallashin jariri. A nan take gane cewa harshe ya haɗa da abin da ba a faɗa. Matar da ake tambaya sunan mijinta ta sunkuyar da kai, uwar da ba ta kiran sunan ɗan fari, surukar da ba a cin abinci a gabanta, duk darussa ne da babu su a nahawu. Su ma mutanen gari suna karatun gidan Bature kamar allo: mace ta ƙwala wa mijinta kira da sunansa, su zauna tebur ɗaya su ci, a kwantar da jariri shi kaɗai a ɗaki cikin gidan sauro yana kuka. Mai wa'azi yana iya tsara jimlarsa ta yi kyau, amma masu sauraro sun riga sun ji abin da kukunsa ya faɗa a kasuwa game da zaman gidansa.

Waɗanda suka fi kowa iyawa su ne yaran. Ɗan da aka goya a bayan mai raino yana tsotsar karin harshe tare da kunu, yana wasa da 'ya'yan ma'aikata, su kuwa ba sa yi masa kara, in ya yi gwaranci su tuntsire da dariya har ya gyara. Bai kai shekara biyar ba ya zama tafintan iyayensa. To amma a nan tsarin ya sare reshen da ya fi 'ya'ya. An buɗe Hillcrest a Jos a 1942, SIM kuma ta buɗe Kent Academy a Miango a tsakiyar shekarun 1940, kuma da yaro ya kai shekarun shiga makaranta sai a ɗora shi a mota ko jirgin mishan zuwa Filato, ya koma duniyar Ingilishi, ba ya dawowa sai hutu. Hausarsa ta tsaya inda aka tsinke ta: lafazi garau kamar na ɗan gari, kalmomi na ɗan shekara shida. Iyaye suna da kalmomin manya da bakin baƙo, 'ya'ya suna da bakin 'yan gari da kalmomin yara, ba a cika samun wanda ya haɗa biyun ba.

Za a ce na ba murhu abin da yake na zaure. Ai manyan ayyukan da malamai aka yi su: Charles Henry Robinson, wanda ya isa Kano a tafiyarsa ta 1894 zuwa 1895, rubuce-rubucen ajami ya tattara, kuma G. P. Bargery, wanda ya zo a ɗan mishan ya koma ma'aikatar ilimi, yawo ya yi lardi-lardi yana tambayar masana kafin ƙamusunsa na 1934 mai kalmomi kusan 39,000, har yana nuna wace kalma ce ta Sakkwato wace ce ta Katsina. Littafi Mai Tsarki na 1932 ma cike yake da kalmomin da sai a bakin malami ake samu, zunubi, tuba, alheri, Ruhu, Almasihu, bishara. Wannan gaskiya ne, kuma ban musa ba. Amma mutum nawa ne Bargery? Ɗaruruwan maza da mata da suka zauna a tashoshi daga Kalgo zuwa Tsibiri ta ƙasar Maraɗi ba ƙamus suka rubuta ba, magana suka yi, kuma maganar ce jama'a suka ji suka kwaikwaya. Malamin da ake haya ya zo awa ɗaya ko biyu, ya karanta, ya gyara, ya karɓi ladansa ya tafi, yana kuma taka-tsantsan da abin da zai koya wa wanda ya san ya zo ne da wani addini. Sauran awoyin yini na mutanen gida ne. Ko Bargery ɗin, abin da ya bambanta shi da saura shi ne ya fita daga harabar.

Za a kuma ce Miller, wanda ya fi kowa tasiri a fassarar 1932, bai taɓa aure ba, to ina iyali a nan? Ai misalinsa ƙarfafa hujjar yake yi. Gidansa a Zariya cike yake da yara da ya riƙa, suna kwana suna tashi tare da shi a cikin birni, tsakiyar masu harshen, shekara ashirin da huɗu kafin a koma Wusasa. Iyali ne irin na Bahaushe, na maigida da yaransa, wanda ba ya tura kowa Miango. Daga wannan da'ira aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likitan boko na farko daga Arewa, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Inda gidan ya cakuɗa da gari Hausar ta yi zurfi har ta haifi marubuta, inda aka kewaye shi da shinge ta tsaya a bakin shingen.

Ƙorafi na uku ya fi nauyi, kuma a ƙasar Abdullahi ɗan Fodiyo ba a raina shi: cewa duk wahalar nan dabara ce ta juya mutane daga addininsu a ƙarƙashin inuwar mulkin mallaka, don haka ba ta cancanci a zauna ana nazarinta ba. Manufar ba ɓoyayya ba ce, su da kansu sun faɗe ta, kuma a masarautun Gwandu da Argungu abin da suka girba kaɗan ne ƙwarai in an gwada da ƙasar Zuru. Amma mai nazarin harshe ba zai kau da kai ba, domin sakamakon ya wuce manufar. Hausa ta zama harshen ibada na miliyoyin Kiristoci daga Zuru zuwa Filato da Adamawa, cocin ECWA da aka kafa a 1954 da ita ta yaɗu a Arewa, kuma da aka ga Hausar 1932 ta yi wa masu karatu nauyi sai aka sake fassara, sabon Littafi Mai Tsarki ya fito wajen 1980, 'yan ƙasa suna cikin masu aikin. Wanda ke son sanin dalilin da ya sa Hausar majami'a ta bambanta da ta masallaci, har aka ce Yesu a nan aka ce Annabi Isa a can, dole ya koma ga waɗanda suka fara koya wa baƙin magana. Sunan Dorugu ya tsira ne domin Schön ya rubuta labarinsa, ya kuma dawo gida ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912 yana aiki a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa. Kukun Kalgo da mai rainon Amanawa, waɗanda suka maimaita "sunka tahi" sau ɗari har kunnen Bature ya kama, rahotannin da ake aikawa Toronto da Landan sukan ambace su ne da aikinsu, "kukunmu", "yarinyarmu", a tsakanin lissafin kananzir da na kwinin.