Kambamawa da Inda Ta Rabu da Ƙarya

Bahaushe ba ya tsayawa a kan cewa ruwan sama ya yi yawa, sai ya ce an yi shi kamar da bakin ƙwarya. Kasuwa in ta cika, ba masaka tsinke. Baƙon da ya ɗan daɗe a ƙofar gida zai ce ya shekara yana sallama, kuma maigida ba zai kira shi maƙaryaci ba, haƙuri zai ba shi. Manazarta suna kiran wannan salo kambamawa, kuma duk ɗalibin da ya karanta Abdulƙadir Ɗangambo ko Sa'idu Muhammad Gusau ya gamu da ita a cikin adon harshe, kusa da kamantawa da siffantawa. Abin takaici, ɗalibai da yawa a nan suke tsayawa. Su tsinto ɗango, su ce ga kambamawa, su wuce. Me aka kambama, don wa, kuma me ya sa mai sauraro ya yarda, ba a tambaya.

Maƙaryaci so yake a ɗauki maganarsa yadda ya faɗe ta. Mai kambamawa kuwa ya dogara ne da cewa ba za a ɗauke ta haka ba. Shi ya sa yake zarce iyaka da gangan, har ta kai ko yaro ya gane ba lissafi ake yi ba, nauyin abin a zuciya ake aunawa.

A fada aka fi gwanancewa da wannan. Lokacin da Ibrahim Narambaɗa ke yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, yaƙi ya daɗe da ƙarewa, Turawa sun karɓe ƙasa tun 1903. Duk da haka makaɗan fada ba su daina nuna sarakunansu a matsayin masu tarwatsa maza ba. Ba wanda aka ruɗa. Sarki ya sani, fadawa sun sani. Makaɗi yana tuna wa sarki gidan da ya fito ne, yana kafa masa ma'aunin da in ya gaza kaiwa zai ji kunya. Da wannan makami kuma ake zambo, sai dai an juya shi: a ƙanƙantar da ɗan sarkin da ke harin gadon har ya koma abin dariya. Zambon da ke ciwo shi ne wanda ya tsaya a kan ƙwayar gaskiya, kamar rowa ko tsoro da kowa ya san mutum da shi, sannan aka hura ta. In babu ƙwayar, zagi ne kawai.

A fagen dambe abin ya fi haka zafi, domin zugar makaɗi Ɗan'anace ga ɗan dambe Shago aiki take yi nan take. Mutum ya ji an haɗa shi da mutuwa a gaban jama'a, ina zai sa ƙafa ya koma da baya?

Rubutaccen adabi ya gaji wannan ɗabi'a tun daga gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya yi amfani da ita don raha, musamman a ramuwar gayyar jarumin labarin, Alhaji, da Malam Zurƙe. Amma a ganina Ganɗoki na yayansa, Bello Kagara, ya fi cancantar a tsaya a kansa. Ganɗoki jarumi ne da ya kara da sojojin Turawa, yana faɗin irin ɓarnar da ya yi musu, daga baya labarin ya zarce ƙasashen aljannu. Tarihi ya san wanda ya yi nasara a yaƙin da aka yi da Turawa a Burmi. Marubucin ma ya sani, masu karatunsa na farko sun fi kowa sani. Kambamawar ta ba mutanen da aka ci da yaƙi damar ɗaga kai a cikin labari, kuma abin mamaki, hukumar Turawan ce da kanta ta buga littafin a 1934.

Inda nake da ja shi ne inda aka fitar da salon daga muhallinsa. Mai tallar magani da lasifika a tasha, da ke cewa kwalba ɗaya tana warkar da basir da hawan jini da ciwon suga, ba adon harshe yake yi ba. So yake a gaskata shi kalma da kalma, a biya, kuma mai ciwon suga na iya ajiye maganin asibiti saboda shi. Haka wanda ya ga hatsari ya rubuta a Facebook cewa ɗaruruwa sun mutu alhali bai ƙirga ba. Da zarar adadi ya shigo, ko kuɗi, ko lafiyar wani, uzurin makaɗi ya faɗi. Wannan ƙarya ce, kuma da sunanta ya kamata a kira ta.