Abincin kasko ba ya jiran direba

McLeansville ƙaramin gari ne a gabas da Greensboro, cikin gundumar Guilford ta jihar Karolina ta Arewa, kusa da tsohuwar hanya mai lamba 70 da ta nufi Burlington. Mutanensa dubu ɗaya ne da 'yan kai. Gidaje a warwatse cikin itatuwa, ga coci-coci, ga gidan mai, ga makaranta. Amma ko a irin wannan wuri, wanda yunwa ta kama da dare ba zai yi tuƙi mai nisa ba sai ya hango allon wani ɗan shagon abincin Sinawa ko na Japanawa, yawanci a jere ɗaya da babban kantin cefane da shagon gyaran farce. Tebur uku ko huɗu, hotunan abinci a saman kanta da rana ta koɗar da su, mace tana amsa waya, miji yana can ciki gaban wuta, yaronsu a kusurwa yana aikin makaranta.

Mu muna cikin masu cinikin waɗannan shaguna. Greensboro na ɗaya daga cikin biranen Amurka da 'yan Nijar suka fi taruwa, Zabarmawa da Hausawa, ga kuma 'yan Najeriya da Sudan da sauransu. Kuma jihar da muka sauka a cikinta jihar alade ce. Tana cikin ukun farko a kiwonsa a duk ƙasar, gasasshen naman da garin Lexington ya yi suna da shi na alade ne, har ganyen da suke dafawa sai an jefa masa guntun ƙashinsa. Musulmin da ya tashi daga aiki ƙarfe tara na dare yana neman abin da ya yi kama da abinci, shinkafa mai zafi da kifi ko jatan lande da ganye, sau da yawa shagon Basine ne kaɗai ke da amsarsa. Don haka ina da haƙƙin damuwa da inda wannan sana'a ta dosa.

Abin da ke damuna shi ne mun daina zuwa. Muna danna waya, wani ya ɗauko, ya ajiye a bakin ƙofa, ya ɗauki hoton ledar ya tafi. Ni a ganina wannan ɗabi'a tana cutar abincin, tana cutar mai dafa shi, tana kuma cutar mu Musulmi fiye da kowa.

Bari in fara da abincin kansa. Girkin Sinawa na irin waɗannan shaguna girkin wuta ne. Kaskon ƙarfe mai zurfi, wanda suke kira wok, yana zaune a kan murhun gas da ke huci kamar zai tashi sama, zafinsa ya ninka na murhun gida sau da yawa. An riga an yanka komai ƙanana, an jera. Mai girki ya zuba mai, ya watsa tafarnuwa da citta, nama ya bi, ganye ya bi, yana wurga su sama da hannu ɗaya, ɗayan hannun riƙe da ludayi, wasu ma da gwiwa suke murɗa makunnin wutar. Minti biyu ko uku an sauke. Duk gwanintar tana cikin wannan ɗan lokaci: ganye ya dahu bai yi laushi ba, shinkafa ta rabu ƙwaya-ƙwaya, ga wani ƙamshin ƙuna-ƙuna da harshen wuta ke bari. Wanda ya taɓa cin masa a bakin tanda, ya kuma ci wadda ta yi awa guda a ƙulle cikin leda, ya san abin da nake nufi. Da zarar an rufe wannan abinci cikin roba, tururinsa ya koma kansa. Kazar da aka soya ta yi ƙaras-ƙaras ta jiƙe, ganye ya ci gaba da dahuwa har ya mutu, taliya ta cure. Direban da ya ɗauko yana da wasu gidaje biyu kafin naka, kuma gidajen McLeansville ba a manne suke da juna ba. Sai mutum ya buɗe, ya ɗanɗana, ya ce abincin Sinawa ba daɗi, alhali bai ci abin da aka dafa ba.

Kuma saboda masu shago sun san abincinsu zai yi tafiya, suna ƙara karkata ga abin da ke jure tafiya: naman da aka lulluɓe da ƙullu mai kauri, aka tsoma cikin miya mai zaƙi da yauƙi. Wannan karkata tana da tsohon tarihi. A 1882 Amurka ta yi dokar hana leburori Sinawa shigowa, dokar da ba a soke ba sai 1943. Waɗanda ke ciki aka ture su daga yawancin ayyuka, suka koma wanki da girki, suka koyi dafa abin da Bature zai saya. Kazar nan da kowane shago ke sayarwa da sunan Janar Tso, wani kuku ɗan lardin Hunan mai suna Peng Chang-kuei ne ya ƙirƙiro ta a Taiwan a shekarun 1950, mai tsami da yaji, sai da ta iso Niyu Yok a farkon shekarun 1970 aka zuba mata sukari. Janar ɗin, Zuo Zongtang, ya rasu tun 1885 bai taɓa ɗanɗana ta ba. (Shi ne kuma wanda ya murƙushe boren Musulmin arewa maso yammacin Sin, abin da kaɗan cikinmu suka sani lokacin da suke odar kazarsa.) Daga shekarun 1980 mutanen yankin Fuzhou suka mamaye sana'ar ƙananan shaguna. Ofisoshin neman aiki na unguwar Sinawa a Niyu Yok suna tura kuku duk inda ake bukata, ya hau motar safa ya sauka a garin da bai taɓa jin sunansa ba, ya tarar da jerin abinci iri ɗaya da wanda ya baro. Da yawansu sun iso da bashin masu fasa-ƙwaurin mutane a wuya. Jirgin ruwan Golden Venture da ya kafe a gaɓar Niyu Yok a 1993 ɗauke yake da mutum 286, goma suka mutu a ruwa. Marubuciya Jennifer 8. Lee, a littafinta na 2008, ta ƙiyasta gidajen abincin Sinawa a Amurka sun kai dubu 40, sun fi McDonald's da Burger King da KFC idan an haɗa su. Ban raina wannan abinci ba. Abincin mutane ne da suka nemi hanyar rayuwa a inda ba a so su. Amma mutumin da ke bayan wutar nan ya iya abin da ya fi kaza mai zaƙi. Leƙa abin da iyalin ke ci da la'asar idan ciniki ya lafa: kifi dafaffe da tururi da citta, ganye da tafarnuwa, romo mai haske. Wanda ya saba zuwa har aka san fuskarsa yana iya cewa a yi masa irin wancan, kuma sau da yawa a yi masa. Manhajar odar abinci ba ta da wannan maɓalli.

Sai kuɗi. Manhajar DoorDash, tun 2021, tana karɓar kashi 15 ko 25 ko 30 cikin ɗari na kuɗin odar da ta kai gida, gwargwadon tsarin da mai shago ya zaɓa, sauran manhajojin ma kusan haka suke. Ribar ƙaramin gidan abinci ba ta kai nan ba. Mai shago ko dai ya ɗaga farashi a manhaja, ko ya rage nama ya ƙara shinkafa, ko ya ƙara wa kansa awoyi a kan sha biyun da yake yi kullum. Kai kuma ka biya ƙarin farashin, ka biya kuɗin kawowa, ka biya na hidima, ka ba direba tukuici. Kuɗi ya fita aljihunka fiye da da, ya shiga aljihun mai girki ƙasa da da.

Abu na uku shi ya fi tsaya mini a rai. Alade yana ɓoye a wannan girki a wuraren da sunan abinci ba ya faɗa. Nadadden soyayyen nan da ake haɗawa kyauta da abincin rana, a mafi yawan shaguna akwai niƙaƙƙen alade a cikinsa. Soyayyiyar shinkafar da ke zuwa da kaza, in ba ka ce komai ba, sau da yawa mai jajayen gutsattsarin alade ce. Romon miya yana iya zama na ƙashinsa. Akwai giyar shinkafa ta Shaoxing da ake jiƙa nama da ita, akwai giyar mirin a miyar Japanawa. Ita kazar ma ba yankan Musulmi ba ce, kuma kowa da inda malaminsa ya tsaya a kan wannan. Mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya dai abin ruwa duk halal ne gare mu, shi ya sa kifi da jatan lande suka zama mafaka. To wa za ka tambaya? A manhaja akwai ɗan akwatin rubuta bayani, wanda ke fitowa da ƙananan haruffan Turanci a kan takardar da kuku ke kallo cikin hayaƙi da gaggawa. A gaban kanta kuwa kana kallon idon matar, ka ce ba ka cin alade, ba ka son giya, a ɗauraye kasko. Ta juya ta faɗa wa mijinta da harshensu. Zuwa na uku ko na huɗu ba sai ka faɗa ba, da ta gan ka ta sani. Sin tana da Musulmi fiye da miliyan 20, wannan bukata ba baƙuwa ba ce gare su. Na ga dattawanmu da ba za su sayi nama a Kano ko Maradi ba sai wajen mahaucin da suka sani, a nan suna cin abin da ba su ga ko ƙofar ɗakin da aka dafa shi ba.

A nan zan ɗan kauce in kare masu shagunan nan daga wani zargi da nake ji a bakin 'yan uwa, wai suna zuba sinadari mai sa ciwon kai. Farin magi ne, wanda ke cikin kicin ɗin iyayenmu. Wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, ya gano shi a 1908, kamfanin Ajinomoto ya fara sayar da shi shekara guda bayan nan. Tsoronsa a Amurka ya samo asali daga wata wasiƙa da aka buga a mujallar likitoci a 1968, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su tabbatar da zargin ba ga mai cin abinci yadda aka saba. Ɗanɗanon da yake bayarwa shi ne na daddawa, shi ne na miyar waken suya da ruwan kifin 'yan Biyetnam. Abin da ya cancanci a kiyaye shi ne yawan gishiri da sukari, musamman ga masu hawan jini.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Mai jego ba za ta fita ba. Tsohon da ba ya tuƙi da dare ba zai fita ba, kuma a McLeansville wanda ba shi da mota kamar ba shi da ƙafa ne. A 2020, lokacin kullen korona, kai abinci gida ne ya hana shaguna da yawa rufewa. Sannan 'yan uwanmu da dama da wannan tuƙi suke biyan haya suna aika wa gida. Duk na yarda. Maganata da lafiyayyen mutum ne mai mota a ƙofar gida, wanda shago ke minti goma daga falonsa.

Kuma a wannan gari musamman, zama a ci abinci ba ƙaramin abu ba ne. Ranar 1 ga Fabrairu 1960, ɗalibai huɗu na kwalejin A&T, Ezell Blair Jr. da David Richmond da Franklin McCain da Joseph McNeil, suka zauna a kujerun cin abinci na kantin Woolworth da ke titin Elm a Greensboro, aka ƙi ba su ko kofi, suka ƙi tashi. A lokacin, baƙar fata a kudancin Amurka yana iya sayen abinci ya ci a tsaye ko ya ƙunsa ya fita. Kujera ce aka hana shi. Sai 25 ga Yuli na shekarar kantin ya sauko. Ginin yanzu gidan tarihi ne. Mu da muka zo bayansu da fata irin tasu mun tarar kujerar a buɗe, ina jin nauyin in ga mun bar ta babu kowa. Wani abin mamaki kuma, a McLeansville ɗin nan kamfanin Replacements yake, wanda Bob Page ya kafa a 1981, rumbun farantan tangaran da cokula miliyoyi da ake aikawa ko'ina a duniya, mu kuma maƙwabtansa muna ci a roba da cokalin roba.

Wanda ya yarda ya tayar da mota, ina roƙonsa wata rana ya wuce shagon kusa ya shiga Greensboro. Tun 1986 mutanen tsaunukan tsakiyar Biyetnam, waɗanda ake kira Montagnard, suka fara sauka a nan bayan sun yi yaƙi a gefen sojojin Amurka, har jihar ta zama inda suka fi yawa a wajen ƙasarsu. Ga 'yan Biyetnam, ga 'yan Laos da Kambodiya da Koriya da Bama. A titin Gate City da titin West Market akwai ƙananan wuraren da ke dafa wa mutanensu, ba su sassauta wa kowa ba. Romon pho na 'yan Biyetnam na ƙashin saniya ne da aka yi awoyi ana dafawa da citta da albasa da kanumfari da kirfa, a kawo shi yana tafasa a zuba a kan taliyar shinkafa, ga farantin ɗanyen ganye da lemon tsami da barkono kai da hannunka za ka haɗa. Can ma sai ka tambaya, domin wasu romon nasu na alade ne. Idan ka gama ka shiga kantin Super G da ke West Market, za ka tarar da kuɓewa da rogo da tsamiya da gwanda ɗanya da busasshen kifi, ka ga Hajiya 'yar Damagaram da tsohuwa 'yar tsaunin Biyetnam suna zaɓar gauta daga kwando ɗaya. Ranar da gajiya ta hana wannan tafiya, lambar wayar shagon kusa tana jikin takardar da suke sakawa a leda. Ka kira su kai tsaye, ka faɗi abin da ba ka ci, matar za ta ce minti goma sha biyar, kuma kuɗin duka nasu ne.