Sharhi a kan Hujjar "Kuɗin Baƙo" a Muhawarar Gidajen Hayar Ɗan Lokaci a Tsibirin Mawi

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta auna wata hujja da masu kare gidajen hayar ɗan lokaci suka fi dogara da ita, watau cewa baƙo mai yawon buɗe ido da kuɗi yake shigowa, don haka duk gidan da aka keɓe masa riba ce ga al'umma. Abin da muke nufi da hayar ɗan lokaci shi ne gidan zama da ake ba baƙo na 'yan kwanaki, galibi ta hannun kamfanoni irin su Airbnb, wanda aka kafa a 2008. Za mu auna hujjar ne da abin da ya faru a Mawi, ɗaya daga cikin tsibiran jihar Hawai ta Amurka, a tsakiyar Tekun Fasifik.

Asalin muhawarar

Mazauna gundumar Mawi kimanin 165,000 ne, amma a 2019 tsibirin ya karɓi baƙi wajen miliyan 3. Ran 8 ga Agusta, 2023, gobara ta cinye garin Lahaina, wanda ya taɓa zama babban birnin masarautar Hawai. Mutane kimanin 100 suka rasu, gine-gine fiye da 2,000 suka ƙone. Aka sauke dubban waɗanda suka rasa muhalli a otal-otal, alhali ga dubban gidaje nan kusa da su an tanadar wa baƙi. A watan Mayu na 2024 magajin gari Richard Bissen ya kawo shawarar a janye izinin hayar ɗan lokaci daga gidaje kimanin 7,000 na jerin da ake kira Minatoya. Jerin ya ci sunan wani lauyan gunduma ne, wanda fatawarsa ta shari'a a 2001 ta halatta wa tsofaffin gidajen bene na unguwannin zama su ci gaba da karɓar baƙi. A cikin watan ne kuma Gwamna Josh Green ya sa hannu a kan dokar da ta ba gundumomi ikon ɗaukar irin wannan mataki.

Auna hujjar

A 2025 cibiyar binciken tattalin arziki ta Jami'ar Hawai ta ƙiyasta cewa janye izinin zai rage abin da baƙi ke kashewa da kimanin dala miliyan 900 a shekara, a kuma rasa guraben aiki wajen 1,900. Masu gidajen suka riƙe waɗannan alƙaluma gam. Ba za a yi musun nauyinsu ba, domin mai shara da mai dafa abinci su ne za su fara jin jiki, gunduma kuma za ta yi asarar haraji.

Sai dai a ganina an ɗora wa alƙaluman nauyin da ba nasu ba. Lissafin abin da baƙo ya kashe ba ya faɗin aljihun da kuɗin ya kwana. Mafi yawan masu waɗannan gidaje ba mazauna tsibirin ba ne, saboda haka kuɗin haya, wanda shi ne tsokar cinikin, yakan haye teku ne tun baƙon bai bar gari ba. Abin da ke saura a ƙasa shi ne ladan aiki da haraji, da cunkoson hanya, da rabon ruwan sha da baƙo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Babban abin da hujjar ta manta shi ne cewa tsibiri ba ya faɗaɗa. A babban yanki, malamin makarantar da haya ta fi ƙarfinsa yana iya komawa ƙauyen da ke gaba ya riƙa shigowa aiki da safe. A Mawi kuwa, bayan gari sai dutse, bayan dutse sai teku. Wanda haya ta kora jirgin sama zai hau. Ya kamata mu lura da cewa ƙididdigar jama'ar Amurka ta 2020 ta nuna 'yan asalin Hawai da ke zaune a wajen jihar sun fi na cikinta yawa. Dangin da suka watse da makarantar da ta rasa malami ba su da gurbi a cikin dala miliyan 900.

Har ila yau, binciken nan ya yi hasashen faɗuwar farashin irin waɗannan gidaje da kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari. Mai gida ya rubuta wannan a shafin asara, ma'aikaciyar jinya da ke neman gida ta rubuta shi a shafin riba. Adadi ɗaya ne, wurin tsayuwa ne ya bambanta, kuma masu hujjar ba su cika faɗin inda suka tsaya ba.

Duk da haka, masu neman a janye izini ma da sauran magana a kansu. Da yawa daga cikin gidajen ƙanana ne, masu ɗakin kwana ɗaya, an gina su ne a bakin teku a Kihei da yammacin tsibirin, ga kuma kuɗin kula da gini mai tsada da ake biya kowane wata. Iyali mai 'ya'ya huɗu daga Lahaina ba lalle ne ya iya shiga ko ya iya biya ba. Mai gida attajiri kuwa, in an hana shi baƙi, yana iya kulle ƙofarsa ya riƙa zuwa hutun hunturu, gidan ya kwana wata goma ba kowa.